Naira ɗaya yau, biyu gobe: muhawara kan lamba mai alƙaluma 20

Alhaji Mai Hatsi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, don Allah kada a yi min dariya. Autana da ke babbar sakandare ya samu hutu, na ce ya zo ya riƙa taya ni zaman shago a nan Ƙofar Ƙwaya. Na ce nawa zan riƙa ba ka? Ya ce, "Baba ba na son da yawa. Yau naira ɗaya, gobe biyu, jibi huɗu, gata takwas, kullum ka ninka na jiya har wata ya cika." Na yi dariya na ce na yarda. To daren jiya uwarsa ta ji shi yana gaya wa yayyensa wai ya saye ni da shagon gaba ɗaya. Wai malaminsu ya ba su labarin wani sarki da aka yi wa haka da hatsi a kan allon dara mai gida 64, aka rasa abin biya. Gaskiya ne, ko surutun yara ne?

Talaka Bawan Allah: Haba Alhaji, naira ɗaya fa? Ko ruwan leda ba ta saye. Bar yaro ya ci rabonsa.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Alhaji maza ka nemi sulhu da yaron nan tun da sauran mutunci. Rana ta goma naira 512 zai karɓa, ka ce ai ba komai. Rana ta ashirin 524,288. Rana ta talatin, ita kaɗai, 536,870,912. In aka tara na watan duka, yana bin ka naira 1,073,741,823.

Alhaji Mai Hatsi: Innalillahi. Ɗan da na haifa!

Badauri: Allah Ya yi wa yaron nan albarka. Alhaji in ba ka so a turo mana shi Daura.

Malamin Lissafi: Wannan kuma gida 30 ne kawai, kamar gurabun darar da muke haƙawa a ƙasa. Ta labarin sarki gida 64 gare ta, takwas sau takwas. Ƙwaya ɗaya a gidan farko, ana ninkawa har gidan ƙarshe, jimilla ita ce:

18,446,744,073,709,551,615

Alƙaluma 20 ke nan.

Talaka Bawan Allah: Wannan lambar katin waya ce ko kuɗi? A karanta mana da Hausa in an isa.

Baba Tsohon Hedimasta: Yaro, ana iya karanta ta. Amma ku sani kakanninmu ba su rasa manyan lambobi ba. Zamanin wuri ana cewa zambar goma, zambar ɗari, zambar dubu kuwa ita ce abin da kuke kira miliyan yanzu. Keso guda wuri dubu ashirin ne. Abin da ya wuce ƙirga sai a ce malala gashin tinkiya, a huta. Wagga lamba ta Malam, ni dai in aka ce in faɗe ta a gaban aji, sai in ce biliyan sau biliyan, har sau goma sha takwas, da ɗoriya.

Malamin Lissafi: Baba ka faɗe ta daidai, kuma ta fi shiga kunne. A littafi za ka ga kwintiliyan 18, kwadiriliyan 446, tiriliyan 744, biliyan 73, miliyan 709, dubu 551 da 615. Sunayen ba su ƙara wa kowa fahimta.

Maman Husna: Malam a gafarce ni. Na saka lissafin nan a manhajar da muke aikin albashi da ita a ofis, abin da ta ba ni 18,446,744,073,709,600,000. Farkon ya yi daidai da naka, ƙarshen ya saɓa. Kuma ni ban gane ba, abin da ake ta ninkawa yaya za a yi ya ƙare da 5? Duk abin da aka ninka ai cika ne, ba mara ba.

Malamin Lissafi: Hajiya tambayarki ta fi ta kowa. Kowane gida cika ne, gaskiyarki, ban da gidan farko. Wannan ƙwaya ɗayar ita ta mayar da jimillar mara. Duba ƙananan:

1 da 2 sun ba da 3, saura ɗaya ya kai 4.
1, 2, 4 sun ba da 7, saura ɗaya ya kai 8.
1, 2, 4, 8 sun ba da 15, saura ɗaya ya kai 16.

Kullum abin da aka tara yana gaza gidan da ke gaba da ƙwaya ɗaya tak. Don haka ba sai kin tara gida 64 ɗaya bayan ɗaya ba. Ki jera 2 guda 64 ki ninka su da juna, ki ɗebe ɗaya, shi ke nan. Batun 5 kuma, ki kalli wutsiyar lambobin: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Ƙarshensu 2, 4, 8, 6, sai a sake 2, 4, 8, 6, haka har abada. Tunda 4 ta raba 64 ba saura, a kan 6 za a tsaya. Ɗebe ɗaya, 5.

Maman Husna: Na gamsu da 5. To ita kwamfutar ƙarya ta yi ke nan?

Ɗan Kwamfuta: Anti ba ƙarya ta yi ba, rowa ta yi. Irin waɗannan manhajoji na jadawali alƙaluma 15 na farko suke riƙewa, sauran su cike da sifiri. Ƙirga ki gani, bayan na sha biyar ne taki ta koma sifiri zalla. Kamar mai awo ne da ke da tiya amma ba shi da gwangwani, abin da bai cika tiya ba sai ya yi masa kintace. Kalkuletar waya ma haka take yi, wata ta rubuto 1.8 da wani harafi da 19.

Abin mamaki kuma, mu a wurinmu wannan lamba 'yar gida ce. Kwamfuta ba ta san komai ba sai kunne da kashe. Ka jera makunni 64, kowanne ko a kunne ko a kashe, na farko darajarsa 1, na biyu 2, na uku 4, kamar gidajen dara. In ka kunna su duka, lambar da ka rubuta ita ce wannan ta Malam. Ita ce iyakar abin da gurbi mai makunni 64 zai ɗauka. Ka ƙara ɗaya a kai, sai ya juye ya koma sifiri, irin yadda mitar tsohuwar mota ke yi in ta cika tara-tara.

Alhaji Mai Hatsi: Ni ku bar ni da makunni. A mayar min da shi buhu, shi na sani.

Malamin Lissafi: To Alhaji mu yi kintace, don gero ba girmansa ɗaya ba. Mu ƙaddara ƙwaya 100,000 ke cika kilo guda, buhu mai kilo 100 ya zama ƙwaya miliyan 10. Daga gidan farko har na 24 duk abin da aka zuba 16,777,215 ne, bai kai buhu biyu ba. Sarki na nan yana murmushi. Rabin allo, gida 32, ya kama ƙwaya 4,294,967,295, wajen buhu 430. Tirela ɗaya da rabi, kai ma ka iya biya in kasuwa ta yi kyau. Sai gida na 33 shi kaɗai ya fi duk waɗancan 32 ɗin a haɗe. Daga nan abin ya ƙwace. Ƙarshe dai buhu tiriliyan 1.8 da ɗoriya. In mutanen duniya biliyan 8 ne, kowa da jaririnsa ya samu buhu 230.

Alhaji Mai Hatsi: Ka ce a haɗa Dandume da Funtuwa da Mai'aduwa da Dawanau ta Kano...

Malamin Lissafi: Ko ƙurar ba su kai ba. Kuma in mutum ɗaya zai ƙirga ƙwaya guda a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya yi shekara biliyan 584 da wani abu. In duk mutanen duniya suka taru suna ƙirgawa tare, shekara 73.

Talaka Bawan Allah: To mu da tiya ɗaya ke gagara, mene ne ribarmu a buhu tiriliyan na baki? Wannan ai kamar a nuna wa mayunwaci hoton tuwo ne.

Badauri: Ribar ita ce Alhaji bai rasa shago ba. In da ka ci bashin da ke ninka kansa, da ka san amfanin karatun nan.

Almajirin Gobarau: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Labarin nan ba na boko ba ne kamar yadda yaron ya ɗauka, yana cikin littattafanmu. Ibnu Khallikan, wanda ya rasu a 1282, ya kawo shi a Wafayatul A'ayan. Ya ce wani mai hikima a Indiya, Sissa, shi ya ƙago shaɗaranji, wato darar nan mai gida 64, sarki ya ce ya roƙi abin da yake so, ya roƙi alkama a kan wannan tsari, sarki har ya ji haushi don ya raina roƙon. Kafin shi ma Albiruni, tun wajen shekara ta 1000, ya fitar da wannan adadi cif, ba tare da na'ura ba. Shi ya bi ta hanyar jera 16 guda 16 a ninka su, a ɗebe ɗaya.

Ɗan Kwamfuta: Allah gafarta Malam, daidai ne kuwa, tunda 16 ita ce 2 guda huɗu, huɗu sau sha shida kuma 64. Shekara dubu da suka wuce da alƙalami da tawada, manhajar Anti kuma ta kasa.

Maman Husna: Ka kiyaye ni yaron nan. Malam, wata tambayar. A ce gadon wani ne, ana iya raba shi ba tare da an fasa ƙwaya ba? Tsakanin mutum nawa?

Malamin Lissafi: Yauwa, nan nake so a zo, don a wurina girman lambar ba shi ne abin sha'awarta ba. Kowa na iya rubuta lamba mai tsawo. Abin sha'awa shi ne wadda ba mai iya ƙirga ta, amma mun san cikinta kamar yunwar cikinmu.

Biyu ba ta raba ta, mara ce. Mata biyu, ƙwaya ɗaya za ta rage a yi ta rigima. Mata huɗu, saura uku. Biyar ta raba ta tunda da 5 ta ƙare. Uku fa? Tara alƙalumanta 20 ɗin, za ki samu 87. Uku ta raba 87, sau 29, don haka ta raba babbar. Tara ba ta raba 87 ba, don haka ba ta raba ta.

Badauri: Ashe shiyya uku za ta rabu lafiya. Katsina, Daura, Funtuwa, ba mai kukan an danne shi.

Malamin Lissafi: Kowace shiyya 6,148,914,691,236,517,205, ba saura.

Badauri: Hausa Bakwai fa?

Malamin Lissafi: Saura ɗaya. In kana raba 2, 4, 8, 16, 32, 64 da bakwai, ragowar 2, 4, 1, 2, 4, 1 take zagayawa. Ta 64 ta faɗa kan 2, ɗebe ɗaya, saura 1.

Badauri: Wannan ɗayar ba gardama, ta Daura ce. Uwa ba ta rasa ɗan kai.

Baba Tsohon Hedimasta: Ku dai Daurawa komi ya faɗi ƙasa naku ne. Malam ci gaba, mi ke raba ta bayan uku da biyar? Gwadawa za a yi ta yi ɗaya-ɗaya har a mutu?

Malamin Lissafi: A'a Baba, akwai mabuɗi. Kowace lamba ka ninka da kanta ka ɗebe ɗaya, abin da ka samu daidai yake da maƙwabciyarta ta ƙasa sau maƙwabciyarta ta sama. 10 sau 10 ɗari, ɗebe ɗaya 99, wato 9 sau 11. 4 sau 4 sha shida, ɗebe ɗaya 15, wato 3 sau 5.

To tamu 4,294,967,296 ce aka ninka da kanta aka ɗebe ɗaya. Sai ta tsage biyu: 4,294,967,295 sau 4,294,967,297.
Ta farkon ita ma haka take, 65,536 sau kanta ban da ɗaya: 65,535 sau 65,537.
65,535 ta tsage: 255 sau 257.
255 ta tsage: 15 sau 17.
15 kuma 3 sau 5.

Kamar ɓarar gyaɗa. Abin da ya zube a faifai: 3, 5, 17, 257, 65,537, da ƙatuwar nan 4,294,967,297. Biyar ɗin farko babu abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu. A aji firam muke cewa, ni na fi son in ce musu gagara-raba.

Maman Husna: Tsaya Malam. Tunda 17 ta raba ta amma 2 ba ta raba ta ba, in aka raba wa ƙananan hukumominmu 34 na jihar Katsina, saura 17 ke nan? Don ragowar dole 17 ta raba ta, dole kuma mara ce, ƙasa da 34 kuwa 17 ce kaɗai haka.

Malamin Lissafi: Hajiya wallahi da kina ajina da kin karɓe min alli. Haka ne.

Baba Tsohon Hedimasta: Ita ƙatuwar fa? Ka tsallake ta.

Malamin Lissafi: Da gangan, don ita ke da labari. Ku dubi 3, 5, 17, 257, 65,537. Kowace a cikinsu ninkin biyu ce da ɗaya a kai: 2 da 1, 4 da 1, 16 da 1, 256 da 1, 65,536 da 1, kuma kowane ninki na bayansa ne sau kansa, 2 sau 2 huɗu, 4 sau 4 sha shida, haka har gaba. Wani lauya Bafaranshe, Ferma, wanda lissafi ya zame masa abin hira bayan aiki, ya lura da su a 1640. Ya ga biyar a jere duk gagara-raba ne, sai ya ce yana kyautata zaton duk masu zuwa haka suke, har da ta shida, wato 4,294,967,297. Maganar ta zauna shekara casa'in da wani abu. A 1732 wani saurayi ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a Rasha, Oyila, ya nuna 641 ta raba ta: 641 sau 6,700,417.

Talaka Bawan Allah: To shi kuma ina ya samo 641? Mafarki ya yi?

Malamin Lissafi: Ya tabbatar da cewa duk gagara-rabar da za ta raba wannan lamba dole ta zama ninkin 64 da ɗaya a kai. Jera su: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. Cire waɗanda su kansu suna rabuwa, saura 193, 257, 449, 577, 641. Gwaji biyar maimakon dubbai. Abin da ya fi ba ni dariya, tun daga 65,537 har yau ba a sake samun ko ɗaya a dangin Ferma da ta zama gagara-raba ba. Duk wadda aka iya bincikawa sai a tarar tana rabuwa.

Don haka lambar sarki ga ta tsirara: 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417. Guda bakwai, ba wadda ta maimaitu.

Ɗan Kwamfuta: Kuma daga nan an amsa wa Anti tambayar gado. Kowace cikin bakwai ɗin ko ka ɗauke ta ko ka bar ta, makunni bakwai ke nan, 2 guda bakwai a ninka, 128. Lambobi 128 ne kacal a duniya ke raba ta ba saura, har da 1 da ita kanta.

Almajirin Gobarau: Malam da ka ambaci 1732 sai na tuna namu. A daidai shekarun nan wani Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, yana Misira bayan ya yi aikin hajji, yana rubutu da Larabci kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, irin uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, wanda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimillarsa ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Misira, Abdurrahman Aljabarti. Yaranmu sun san sunan Turawa, shi ba su san shi ba.

Talaka Bawan Allah: Hatimi kuma? Ashe dai zancen zai dawo kan duba. Ni na san a rina.

Almajirin Gobarau: Ɗan'uwa abin da wasu ke yi da hatimi daban, wannan malamai sun yi magana a kai kuma ba shi ya tara mu ba. Jera 1 zuwa 9 a gida tara kowane layi ya ba da 15 lissafi ne tsantsa. Gwada, ka sa 5 a tsakiya.

Baba Tsohon Hedimasta: Mun koya ma yara shi a firamare ba wanda ya zama boka. Malam, tambaya ta ƙarshe gare ni. Duk lambar da aka samu ta wagga hanya, ninki a ɗebe ɗaya, dole ta tsage haka?

Malamin Lissafi: A'a Baba. Tamu ta tsage ne don 64 kanta tana rabuwa. In adadin gidajen na rabuwa, jimillar ma dole ta rabu. In adadin gidajen gagara-raba ne, to wani lokaci a dace, wani lokaci a'a. Gida 5 ya ba da 31, gida 7 ya ba da 127, duk ba su rabuwa. Gida 11 ya ba da 2,047, ita kuwa 23 sau 89 ce. Da allon sarki gida 61 gare shi, jimillar 2,305,843,009,213,693,951 ce, ba abin da ke raba ta, wani limamin coci a Rasha ya tabbatar da haka a 1883. Magada sai dai ɗaya ya kwashe duka ko a fasa ƙwaya.

Ɗan Kwamfuta: Irin wannan dangi ake farauta da kwamfutoci yanzu. Wadda aka gano a Oktoban 2024 allonta gida 136,279,841 ne, alƙalumanta sun haura miliyan 41.

Badauri: Kada dai autan Alhaji ya ji wannan.

Maman Husna: Na sa Husna ta ninka 641 da 6,700,417 da biro a bayan littafinta. Karon farko ta manta ɗaukar 2 a wani wuri, muka yi ta neman inda ya ɓace. Karo na biyu ya fito 4,294,967,297 cif. Tana ta tsalle wai ta kama Bafaranshe da kuskure.

Malamin Lissafi: A gaishe ta. Ki ce ta gwada raba 4,294,967,297 da 577 ta gaya mana ragowar.

Alhaji Mai Hatsi: Jama'a na gode. Na kira yaron bayan La'asar a gaban uwarsa da kawunsa. Na ce yarjejeniya tana nan, ban karya ba, amma aikin na kwana goma sha biyu ne, daga nan ya koma lesin. Ya ɗan yi shiru yana motsa baki, ya ce naira 4,095 ke nan, bai yarda ba, a ƙara masa kwana takwas kawai. Malam, kwana ashirin nawa ya kama?

Malamin Lissafi: 1,048,575.

Alhaji Mai Hatsi: Sha biyun dai.